Mayar da Motar Rangadi Mai Ja da Ƙafa Huɗu Kullum Ta Zama Mai Zaɓi: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai da malamansu, da duk wanda aka damƙa wa amanar motar hukuma. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya zama kaya mafi nauyi a kan kowace motar rangadi. Saboda haka a kan ji direba ko makaniki ya zo wa Hakimi da shawara, ya ce motar nan tana ja da ƙafa huɗu dare da rana, har a kan kwalta, shi ya sa ta ke shan mai. A ba shi izini ya kashe gaban, ta riƙa ja da ƙafafun baya kaɗai, in an iso yashi ko taɓo a mayar.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma sai an tsefe ta. Akwai motar da wannan aiki ya ke yiwuwa a kanta, akwai wadda in an taɓa ta an nakasa ta. Akwai hanyar ƙwarai ta yinsa, akwai kuma ta ha'inci wadda ba ta cin ko awa guda. Abin da ke cikin al'amarin kuwa ya wuce kuɗi, gama sau da yawa motar Hakimi ce ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye da tsakar damina, ita ce ke kai ma'aikatan allurar rigakafi inda kwalta ba ta kai ba. Don haka ya kamata wanda zai sa hannu a takardar izini ya san abin da ya ke sa wa hannu.

IRE-IREN MOTOCI MASU JA DA ƘAFA HUƊU

Jama'a su kan haɗa su duka da suna ɗaya, amma iri uku ne.

Iri na fari ita ce mai zaɓi. Tana tafiya da ƙafafun baya kamar kowace akori-kura, sai direba ya ga hanya ta ɓaci sa'an nan ya haɗa na gaba da hannunsa. Toyota Hilux mai ƙafa huɗu da Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, suna cikin wannan iri.

Iri na biyu ita ce mai ja kullum. Ƙarfin inji yana zuwa ga ƙafafu huɗu a kowane lokaci, direba ba shi da ikon cire gaba. Galibin Land Cruiser samfurin 80 da samfurin 100, da Range Rover, da Land Rover Defender haka su ke. Irin wannan ce a ke iya mayarwa mai zaɓi, kuma a kanta ne yawancin bayanin nan zai gudana.

Iri na uku ita ce mai kai agaji. Asalinta tana ja da ƙafafun gaba, sai sun yi santsi sa'an nan wata na'ura ta tura ƙarfi baya da kanta. Honda CR-V da Toyota RAV4 na shekarun baya-bayan nan suna cikinsu. Ba su da giyar ƙarfi, kuma ƙirarsu ta ƙaramar motar gari ce da aka ɗaga sama.

YADDA ƘARFI KE ISA ƘAFA

Inji ya kan miƙa ƙarfinsa ga akwatin giya. A bayan akwatin giya akwai wani ƙaramin akwati, watau akwatin rabo, wanda ke karkasa ƙarfin gida biyu. Daga cikinsa farfela biyu ke fita, watau dogayen sandunan ƙarfe masu juyawa a ƙarƙashin mota, ɗaya ta nufi aksul na gaba, ɗaya ta nufi na baya. A cikin akwatin rabon nan ne kuma giyar ƙarfi ta ke, wadda ke rage gudu ta ƙara ja. A Land Cruiser samfurin 80 tana ninka ja kusan sau biyu da rabi. A Defender ta haura sau uku.

To, ga inda wuyar ta ke. Sa'ad da mota ta sha kwana, ƙafafunta huɗu ba su yin tafiya daidai da juna. Duk wanda ya taɓa ganin mahaya sun jeru sun kewaya fili ya san dokin gefen waje sai ya yi sukuwa, na ciki kuwa yana takawa a hankali. Tsakanin ƙafar hagu da ta dama a babbar mota akwai kamar mita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya, saboda haka in ta yi kewaye guda cikakke, ƙafar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita 10. In an ɗaure su a sanda guda, tilas ɗaya ta ja ƙasa. Domin wannan ne aka sa wata na'ura ta haƙoran ƙarfe a tsakiyar kowane aksul, a cikin ƙullutun nan mai kama da tulu, wadda a ke kira difarenshal. Aikinta aikin alƙali ne: tana ba kowace ƙafa rabonta na ƙarfi, tana kuma barin kowace ta yi gudun da hanya ta nema.

Irin wannan bambanci yana nan tsakanin gaba da baya. Ƙafafun gaba su kan yi kewaye mai faɗi, na baya su yanke. Daga aksul zuwa aksul a samfurin 80 mita 2.85 ne. In ta juya matsattsen kewaye, tsakiyar aksul na baya yana mita 5 daga cibiyar kewayen, na baya zai yi tafiyar kamar mita 31, na gaba kamar mita 36. Bambancin mita 5 ɗin nan ya kai juyi biyu na taya. Shi ya sa mai ja kullum ta ke da difarenshal na uku a cikin akwatin rabo, wanda ke shari'a tsakanin gaba da baya.

Amma alƙalin nan yana da rauni guda. In ƙafa ɗaya ta faɗa santsi, ko ta yi sama a bakin kwazazzabo, sai dukan juyi ya tsere wajenta, ta yi ta walwala a banza, sauran na tsaye. Don haka aka yi wa difarenshal na tsakiya makulli. In direba ya kulle shi, gaba da baya sun zama tsintsiya ɗaya. A waɗansu motoci kuma an ƙara wani gwangwani rufaffe mai faifai da yawa a ciki, cike da mai mai kauri ƙwarai, wanda ke riƙe gaba da baya da kansa in gudunsu ya bambanta da yawa.

Mai zaɓi ba ta da alƙalin tsakiya ko kaɗan. In an haɗa gabanta, daidai ta ke da mai ja kullum da aka kulle. A kan yashi ko burji ba kome, domin taya ta kan ɗan zame ta saki abin da ya taru. A kan busasshiyar kwalta kuwa taya ba ta zamewa, sai sandunan su yi ta murɗewa kamar igiyar guga, sitiyari ya yi nauyi, giya ta ƙi fita, daga bisani wani abu ya karye.

TAƘAITACCEN TARIHI

Jeep ɗin soja da Amurka ta ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1941 zuwa 1945, mai zaɓi ce. Da yaƙi ya ƙare aka sayar wa farar hula da yawa daga cikinsu, sai aka lura cewa ko an cire gaba a akwatin rabo, ƙafafun gaba suna nan suna jan sandunansu da difarenshal da farfela suna juyawa a banza. A 1948 wani Ba'amurke, Arthur Warn, ya fara yin cibiyar ƙafa wadda ke raba taya da sandarta. Daga nan makullin cibiya ya samo asali, wanda har yau a ke gani a tsakiyar ƙafafun gaba na motocin daji.

A wannan shekara ta 1948 ne kamfanin Rover na Ingila ya nuna Land Rover ta fari a birnin Amsterdam. Ta fara da ja da ƙafa huɗu kullum, amma a 1950 aka mayar da ita mai zaɓi. Ita ce motar da dattawa su ka sani a rangadin zamanin En'e, mai jan sanda na giyar ƙarfi da ɗorawar ƙwallo da a ke dannawa a haɗa gaba. A 1970 Range Rover ta fito da ja kullum da difarenshal na tsakiya mai makulli, sa'an nan Land Rover 110 ta bi sahunta a 1983. Kamfanin Toyota na Japan ya kawo wannan tsari cikin Land Cruiser samfurin 80, wadda ta yi zamani daga 1990 zuwa 1997, ko da ya ke ya ci gaba da fitar da waɗansu marasa ƙawa masu zaɓi. Kamfanin Mitsubishi kuwa a 1991 ya sa wa Pajero akwatin rabo mai yin duka biyun, direba ya zaɓi ƙafa biyu, ko huɗu a sake, ko huɗu a kulle. Wanda ke da irin wannan ba ya bukatar a juya masa kome.

Abin lura a nan shi ne, masu ƙera motoci sun taso daga mai zaɓi su ka koma mai ja kullum da gangan, domin ta fi riƙe hanya kuma ba ta dogara ga hankalin direba. Mai son juyawa yana komawa tsohon tsari ne, da amfaninsa da wahalarsa.

YADDA A KE YIN AIKIN A KAN ƘA'IDA

Za a ɗauki Land Cruiser samfurin 80 a matsayin misali, domin ta yawaita a arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma a kanta aka fi yin wannan aiki a ƙasashe irin su Ostareliya. Aikin kashi biyu ne, kuma ɗaya ba ya amfani sai da ɗaya.

Kashi na fari a akwatin rabo ya ke. Makaniki zai tsiyaye mai, ya buɗe akwatin, ya fitar da haƙoran difarenshal na tsakiya, ya sa wani dunƙulallen ƙarfe da aka ƙera domin wannan a gurbinsu. Ƙarfen nan yana haɗa akwatin giya da farfelar baya kai tsaye. In motar tana da gwangwanin mai mai kauri, shi ma a cire shi. Makullin da a dā ke kulle difarenshal shi ne yanzu zai zama mai haɗa farfelar gaba: in an danna maɓalli gaba ya shiga, in an saki ya fita. Waɗansu motocin ba su zo da maɓallin ba, sai an sa giyar ƙarfi makullin ke shiga da kansa. Irin waɗannan tilas a sa musu maɓalli. Wata hanya kuma ita ce a sauke akwatin rabon ɗungum, a ɗora na samfurin 80 wanda aka ƙera mai zaɓi tun asali, muddin ya dace da akwatin giyar da ke motar.

Kashi na biyu a ƙafafun gaba ya ke. A tsakiyar kowace akwai wani faifan ƙarfe da ke ɗaure sanda da cibiya. Za a cire shi a sa makullin cibiya mai murfin da a ke murɗawa da hannu, wanda aka rubuta wa FREE a gefe ɗaya, watau a sake, da LOCK a ɗaya gefen, watau a kulle. Kamfanin Aisin na Japan shi ke yi wa Toyota nata, akwai kuma na Warn da na AVM. Lalle a gwada tsawon bakin sandar da makullin kafin a biya kuɗi, gama sandunan samfurin 80 ba duka ne tsawonsu ɗaya ba. Tun da an riga an buɗe wurin, daidai ne a duba boris, a sake giris, a canja robobin da ke tare mai.

Akwai abu na uku ga motar da ke da birki mai hana ƙafa daskarewa, wanda a ke kira ABS. Na'urarsa tana ƙidaya juyin kowace ƙafa ta wani zobe mai haƙora. A samfurin 80 zoben gaba yana jikin sandar da za a saki. In an saki sandar ta daina juyawa, na'urar za ta ɗauka ƙafafun gaba sun tsaya alhali mota na gudu, fitilar gargaɗi ta kama, tsarin ya rikice ko ya daina aiki. Makanikin da bai ambaci wannan ba tun farko, bai san aikin ba.

A Amurka a kan yi makamancin wannan a kan Jeep Grand Cherokee ta 1993 zuwa 1998. Mai akwatin rabo NP249 tana da gwangwanin mai mai kauri wanda ke lalacewa in ya tsufa, sai masu ita su sauke shi su ɗora NP231 ko NP242 na waɗansu motocin Jeep. Amma ƙafafun gabanta ba su da wurin sa makullin cibiya, saboda haka sandunan gaba suna ci gaba da juyawa. An tsira daga sayen gwangwani, ba a sami wani ragin mai na kirki ba.

MOTAR DA BA A JUYAWA

Mai kai agaji, watau iri na uku, ba ta karɓar wannan aiki. Injinta a gicciye ya ke, ba ta da akwatin rabo irin wanda aka bayyana, kuma aksul ɗinta na baya ƙarami ne, an yi shi domin taimako na ɗan lokaci. Ba a iya mayar da ita motar daji, ko nawa aka kashe. Haka kuma manyan motoci na zamani waɗanda kwamfuta ke lura da birkinsu da santsinsu da giyarsu gaba ɗaya. In an canja rabon ƙarfi, lissafin kwamfutar ya ɓaci. Gundumar da ke bukatar mai zaɓi, kuma irin waɗannan ne a hannunta, gara ta nemi musanya.

GURGUWAR DABARA

Abin da ya fi yawa a gareji shi ne a kwance farfela ɗaya a jefa a bayan mota, a ce an gama. Wannan shi ne neman gira a rasa ido, ga kuwa dalilai.

In an cire farfelar gaba a mai ja kullum ba a kulle tsakiya ba, dukan juyi zai tsere ta bakin da babu kome, motar ba za ta motsa ba. In tana da gwangwanin mai mai kauri za ta motsa, amma gwangwanin ne ke ɗauke da nauyin motar duka, aikin da ba a yi shi dominsa ba. Zai yi zafi ya ƙone. In mai giya da kanta ce, aka sa ta a P aka fita, tana iya gangarawa, domin abin da P ke riƙewa yana gaban difarenshal ɗin da aka bari a sake. Bayan wannan duka, ƙafafun gaba suna nan suna jan sandunansu da difarenshal ɗinsu, watau ragin man da aka nema bai samu ba. Ranar da aka kafe a fadama kuwa, farfelar tana can a gareji.

Cire farfela yana da wuri guda: in ta karye a daji, a kwance ta, a kulle tsakiya, a lallaɓa zuwa gari. Dabarar isa gida ce kawai.

RIBA DA HASARA

Ribar aikin ƙwarai ita ce: sandunan gaba da gaɓoɓinsu da difarenshal na gaba suna hutawa a doguwar tafiyar kwalta, sitiyari ya kan yi sauƙi, ƙugi da kaɗawar da tsohuwar mota ke yi su kan ragu, kuma in wani abu ya karye a gaba a na iya sakinsa a ci gaba da tafiya. Mai ma ya kan ragu, amma kaɗan. Abin da ke shan mai a irin wannan mota shi ne nauyinta, wanda ya haura tan biyu, da girman injinta, lita 4.2 a mai gas ko lita 4.5 a mai fetur, da iskar da faffaɗan gabanta ke turawa. Juyawar ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Hasarar kuwa ga ta. Motar ta rasa ja da ƙafa huɗu a kan kwalta, domin alƙalin tsakiya ya tafi. A jiƙaƙƙiyar kwalta ta watan Agusta, ko a hanya mai hawa da kwana irin ta Gembu a tsaunin Mambila, mai ja kullum ta fi riƙe ƙasa. Wadda aka juya kuwa bayanta na iya zamewa in direba ya taka totur a kwana. Aksul na baya shi kaɗai ke ɗaukar ƙarfin inji yanzu, tayoyin baya su kan riga na gaba cinyewa. Kuma dukan abin ya koma kan direba: in ya manta bai kulle cibiya ba sai da ya shiga laka, sai ya sauka cikinta.

Saboda haka yanayin ƙasar gunduma shi ne ma'auni. Motar da yawancin tafiyarta kwalta ce mai nisa tana iya cin riba. Wadda kullum tana cikin yashi irin na Yusufari, ko baƙar laka irin ta Dikwa da Ngala, ko fadamun Haɗejiya da Nguru, gabanta zai kasance a haɗe yawancin lokaci. An kashe kuɗi an dawo inda aka tashi.

LISSAFIN MALAMIN HAKIMI

Kada a yanke shawara da jin baki. Malami ya buɗe shafi a littafin mota. A cika tanki fal, a rubuta lambar da agogon tafiya ya nuna. Duk sa'ad da aka sha mai a sake cikawa fal, a rubuta lita da lambar. Bayan wata guda a tara litocin, a ninka da 100, a raba da kilomitocin da aka yi. Abin da ya fito shi ne shan motar a kilomita 100.

Ga misali domin koyon lissafin kawai. A ce mota tana shan lita 15 a kilomita 100, tana yin kilomita 1,000 a wata, watau lita 150. A ce makaniki ya yi alkawarin za ta sauko lita 14. Ragin wata lita 10 ke nan. A ɗauki kuɗin kaya da na aiki duka, a raba da kuɗin lita 10. Abin da ya fito shi ne yawan watannin da za a yi kafin aikin ya biya kansa. In watannin sun fi sauran kwanan motar, magana ta ƙare.

Kafin wannan ma, a fara da abin da ba shi da tsada. Taya marar isasshiyar iska, da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, da birki mai kamawa, da kayan banza a kan rufi, da gudun wuce kima, kowanne yana shan mai. A lura kuma tayoyi huɗu su zama girma ɗaya. Tayar da faɗinta ya kai santimita 80 tana juyi kusan 40,000 a kilomita 100. In ta gaba ta cinye har faɗinta ya ragu da kashi 2 cikin 100, za ta fi ta baya da juyi 800 a wannan tafiya, kuma difarenshal na tsakiya da gwangwaninsa ne ke shanye bambancin. Sau da yawa ciwon da a ke neman warkarwa da juyawa daga nan ya taso.

ƘA'IDODI GA DIREBAN MOTAR DA AKA JUYA

In an yi aikin, Hakimi ya sa a karanta wa direba waɗannan, a kuma liƙa kwafi a cikin mota.

1. Kada a haɗa gaba a kan busasshiyar kwalta ko siminti.

2. A kulle cibiyoyi tun a bakin mummunar hanya, kafin a shiga. Da damina a na iya barinsu a kulle wuni guda, a riƙa haɗa gaba da maɓalli inda ya kamata.

3. Cibiyoyi biyu su zama daidai da juna, ko duka a sake ko duka a kulle. In ɗaya ce kaɗai a kulle, gaba ba ya ja.

4. In cibiyoyi suna sake, kada a danna maɓallin gaba mota na tafiya. A tsaya cik tukuna.

5. Giyar ƙarfi ba a shigarta sai mota ta tsaya. Kada a ja kaya mai nauyi da ita cibiyoyi suna sake, domin ninkakken ƙarfin zai sauka a kan aksul na baya shi kaɗai.

6. In an fito kwalta gaba ya ƙi fita, a ja da baya 'yan mitoci a miƙe, murɗin zai saki.

7. Kowane wata a kulle cibiyoyi a yi tafiyar kamar kilomita 16, watau mil 10, domin mai ya zagaya haƙoran gaba kada su yi tsatsa.

8. In an ƙetare ruwa mai zurfi, a duba cibiyoyi da man difarenshal. Man da ya koma fari kamar nono ruwa ya shiga shi, a canja.

ABIN DA YA WAJABA A KAN MAI RIƘE DA AMANA

Motar da Majalisar Masarauta ko Ƙaramar Hukuma ta bayar dukiyar jama'a ce. Kada a canja ƙirarta sai da izinin mai ita a rubuce. A sanar da kamfanin inshora da wasiƙa, a ajiye amsarsu, domin kada ranar haɗari su ce ba wannan motar su ka ɗauki nauyi ba. A nemi makaniki ya rubuta sunan kowane kayan da zai sa da kamfanin da ya ƙera shi, kuma ya nuna wata motar da ya taɓa yi wa irin aikin. Duk abin da aka cire, haƙora da faifai da gwangwani, a shafa musu mai a ɗaure a akwati, malami ya shigar da su littafin kaya, domin da su ne za a mayar da motar yadda ta ke in an so. A ƙarshe a gwada ta a gaban wakilin Hakimi, a kan yashi da kan kwalta, a ga ƙafafun gaba suna ja in an haɗa, suna saki in an cire, kuma babu fitilar gargaɗi da ta kama.

Hakimin da ya tambayi irin motarsa, ya duba ƙasar da ta ke bi, ya sa malaminsa ya auna shan manta wata guda, zai iya ba makaniki amsa da hujja, ko ta yarda ko ta ƙi. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.